Limoniya Bayan Tiyatar Zuciya Ga Jarirai: Tambayoyin Da Iyaye Ke Ta Yi A Bakin Ƙofar ICU

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɓangaren yaran da aka yi wa aikin zuciya ya san yadda abin yake. An fito daga tiyata lafiya, likita ya ce aiki ya yi kyau, an kira gida an yi albishir, sai kwana uku ko huɗu a zo a ce maka "yaron ya samu ciwo a huhu", nan take gwiwa ta yi sanyi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne iyaye ke ta maimaitawa, uwa ta yi, uba ya sake yi, kaka ma ta bugo waya ta yi. Na fara da masu sauƙi. Dan Allah kar a ɗauke su a madadin maganar likitan da yaron ke hannunsa, shi ke ganin hoto da sakamakon gwaji.

Wai mece ce wannan limoniyar da ake cewa ta kama shi?

Ita ce dai wadda muke kira ciwon haƙarƙari ko sanyin haƙarƙari. Huhu cike yake da wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da iska ke shiga, a nan jini ke ɗaukar oksijin. Idan ƙwayoyin cuta na bakteriya suka samu shiga suka hayayyafa, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa wurin zama. Shi ya sa za ku ga lambar oksijin a monita tana sauka ana ta ƙara masa.

Bambancin ta asibiti da ta gida shi ne irin ƙwayoyin. Wadda ta bayyana bayan yaro ya yi awa 48 ko fiye a kan injin numfashi ana lissafa ta da sunan limoniyar inji, kuma tana cikin cututtukan da aka fi ɗauka a ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman, na yara a duk duniya, har a Amurka da Ingila. Ƙwayoyinta sun fi na gida taurin kai, na yi bayaninsu a tambayar sakamakon lab.

Ba sanyin AC ɗin ɗakin ne ya shige shi ba? Ga shi an bar shi ba riga

A'a, sam. Wannan ita ce ta farko da kakanni ke faɗi, kuma na gane dalili, ka shiga ɗakin kai babba ma sai ka ji haƙora na neman haɗuwa, ga jariri kwance da famfas kaɗai. Amma ku ɗaga kai ku dubi saman gadonsa, akwai hita da ke ɗumama shi, da wata 'yar waya manne a fatar cikinsa tana auna zafin jikinsa koyaushe. An bar shi a buɗe ne don nas ta riƙa ganin ƙirjin, da wurin ɗinki, da robobin da ke fitar da jini. Sanyi ba ya haifar da bakteriya. Ta baki da maƙogwaro take gangarawa, ko ta hannun wanda ya taɓa shi bai wanke ba.

To me ya haɗa aikin zuciya da huhu?

Maƙwabta ne na ƙud da ƙud, abin da ya taɓa ɗaya sai ɗayan ya ji. Da farko dai yawancin yaran nan tun kafin aiki huhunsu a wahalce yake. Yaro mai huda tsakanin ɗakunan zuciya na ƙasa, wadda likitoci ke kira VSD, ko mai jijiyar nan PDA da ta ƙi rufewa bayan haihuwa, jini mai yawa ne ke ta kwarara cikin huhunsa wata da watanni, huhun ya jiƙe ya yi nauyi. Shi ya sa da yawansu dama a kan limoniya mai yawan dawowa aka gano ciwon zuciyar.

Sannan lokacin aikin ana juyar da jinin yaro zuwa wani inji da ke yin aikin zuciya da huhu a waje, injin da wani likitan Amurka, John Gibbon, ya fara yin nasarar amfani da shi a 1953. Yayin da injin ke aiki huhun yaron a kwance yake ba ya hurawa, kuma jinin da ya bi ta cikin robobi yana tayar da kumburi a jiki gaba ɗaya, ga garkuwar jiki tana yin ƙasa na 'yan kwanaki. Bayan an gama wasu sassan huhun sukan kasa buɗewa sosai, majina ta taru a ciki.

Na ukun shi ne babba, tiyon injin numfashi da aka zura ta baki ko hanci zuwa maƙoshi. Allah ya yi mana tsaro kala-kala a hanyar iska, gashin hanci, tari, da murfin da ke rufe maƙoshi idan za a haɗiye abu, to tiyon ya tsallake su duka. Yaro yana cikin maganin barci ba ya iya tari, miyau da abin da ya taso daga ciki suna silalewa ta gefen tiyon su gangara, jikin tiyon kansa ma ƙwayoyin cuta na manne masa su yi kamar gansakuka a bakin randa. Kowace rana da aka ƙara a kan inji, haɗarin na ƙaruwa.

Wato aikin bai yi ba kenan, ko wani ne ya yi sakaci?

Limoniya daban, gyaran zuciya daban. Ana iya toshe huda tsaf ba ko ɗigo, amma huhu ya kamu. Sai dai idan yaro ya kasa sauka daga inji likitoci kan sake yin hoton zuciya na eko su tabbatar babu wata 'yar huda da ta rage ko bawul da ke yoyo, don ruwan da zuciya ke tarawa a huhu da limoniya suna kama da juna ƙwarai a hoton ƙirji. Maganar sakaci kuwa, tsafta tana rage cutar sosai, wannan gaskiya ne, amma ko a asibitin da ya fi ko'ina tsafta ba a kai ga hana ta ɗungurungum ba.

Me ya sa nawa ya kamu, na gadon kusa da mu kwana biyu aka fitar da shi?

Kar ki haɗa ɗanki da na wata, Hajiya, ko sunan ciwon ɗaya ne. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne sababbin haihuwa da bakwaini, da yaran da suka rame kafin aiki (yaro mai ciwon zuciya yana shan nono yana gumi yana haki, abin da ya sha rabi a numfashi yake ƙarewa), da wanda aikinsa ya ɗau dogon lokaci a kan injin zuciya, da wanda aka ƙara wa jini da yawa, da wanda aka bar ƙashin ƙirjinsa a buɗe kwana ɗaya zuwa uku saboda kumburi, da wanda aka cire wa tiyo aka sake mayarwa. Yara masu lalurar Down hanyar iskarsu ƙarama ce kuma garkuwarsu ba ta kai ta sauran ba. Akwai kuma lalurar DiGeorge da ke tafiya da wasu cututtukan zuciya, ita ma garkuwar jiki take taɓawa.

Wani abu da ke hannun iyaye: in yaro na mura ko tari ana gab da aiki, ku faɗa. Na san an sha wahala kafin a samu ranar, wani ya sayar da gona, wani biza na neman ƙarewa, sai a ga kamar in an faɗa za a ɗage. Eh za a iya ɗagewa, amma shiga tiyata da mura na daga cikin abubuwan da ke tsawaita zaman inji, ɗagewar mako biyu ko uku ta fi wata guda a ICU sauƙi, har a aljihu.

Yaya suke gane limoniya ce alhali yaron na barci a kan inji?

Ba da abu ɗaya ake ganewa ba, haɗawa ake. Zazzaɓi ya kai digiri 38, ko kuma jiki ya yi sanyi ƙalau, don jariri sau da yawa sanyi yake yi a maimakon zafi. Majinar da nas ke zuƙowa ta cikin tiyo, wadda jiya fara ce tsinkakkiya, yau ta koma ɗorawa ko kore, ta yi kauri, ta ƙaru. Inji da aka fara rage wa ƙarfi sai an koma ana ƙarawa. Hoton ƙirji ya nuna wani sabon farin tabo da babu shi jiya. Sai gwajin jini.

Wahalar ita ce aikin zuciya shi kansa yana kawo zazzaɓi a kwana ɗaya ko biyun farko, kuma yana ɗaga gwajin jinin nan na CRP mai nuna kumburi a jiki ko babu cuta, yakan kai ƙololuwa wajen kwana na biyu zuwa na uku sannan ya fara sauka. Don haka likita ba lambar yau yake kallo ba, tafiyar lambar yake kallo. In ta sauka ta sake tashi, to nan ake shan jinin jiki.

Sun ce suna jiran sakamakon lab, kwana uku shiru. Me ake jira?

Shuka ake yi, kamar ta gona. A ɗebi majinar maƙoshi da jini a zuba a wani faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a jira su tsiro, sannan a gwada magunguna a kansu ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ke kashe su. Awa 48 zuwa 72 abin ke ɗauka, ba a iya yi masa gaggawa. Sunayen da za ku fi ji su ne Klebsiella, Pseudomonas, Acinetobacter, Enterobacter, da Staphylococcus aureus wadda in ta ƙi jin magungunan da aka saba ake ce mata MRSA. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin da suka fi buƙatar sabon magani, Acinetobacter da Pseudomonas masu bijire wa manyan allurai suna sahun farko a jerin na wannan shekarar.

Ku sani kuma, ganin ƙwayar cuta a majinar tiyo ba kullum yake nufin limoniya ba. Tiyon da ya kwana biyu dole a samu wani abu zaune a jikinsa. In yaro na samun sauƙi likita na iya ƙin ba da magani a kan takardar kawai, kuma daidai ya yi.

Me ya sa ake ta canza allura? Kwana nawa za a yi ana yi?

Ba a zama jiran lab yaro na shan wuya, ana ɗibar samfur sai a fara antibayotik mai faɗi ta jijiya, irin su piperacillin-tazobactam, cefepime ko meropenem, wani lokaci a haɗa da vancomycin ko amikacin. Sakamako na fitowa sai a gyara, in an dace a sauko zuwa ƙaramin magani da ya dace da ƙwayar, in ta bijire a hau sama, har akwai inda ake kaiwa ga colistin. To canjin ba ruɗewa ba ne. Galibi kwana 7 zuwa 10 ake yi, ya fi haka idan cutar ta shiga jini ko mugunya ta taru a gefen huhu har sai an sa roba an janye.

Wasu allurai kamar amikacin, gentamicin, vancomycin da colistin suna iya taɓa ƙoda, shi ya sa ake auna fitsarinsa har famfas ake ɗorawa a sikeli, ana kuma yawan ɗibar jini. Amikacin da gentamicin na iya taɓa ji, musamman in an haɗa da maganin sa fitsari na Lasix mai yawa, don haka yaron da ya daɗe a kansu ku roƙa a yi masa gwajin kunne kafin sallama ko jim kaɗan bayanta.

Tunda huhun ba lafiya, me ya sa suke gaggawar cire shi daga inji?

Saboda tiyon ne ƙofar ɓarawon (duba amsar abin da ya haɗa zuciya da huhu). Kullum da safe ana duba ko zai iya numfashi da kansa, a rage maganin barci, a rage taimakon injin. Da ya nuna zai iya sai a zare a koma oksijin ta hanci ko CPAP, na'urar da ke tura masa iska ta hanci ba tiyo a maƙoshi, ya samu damar yin tari da kansa. Ganinsa yana mutsu-mutsu yana kuka ba murya da tiyo a baki akwai ciwo a zuci, uwa sai ta ce a ƙara masa maganin barci mana, amma farkawar ce hanyar fita.

An cire tiyo an sake mayarwa har sau biyu. Lafiya kuwa?

Yana faruwa, kuma ba kullum limoniya ce sanadi ba. Akwai jijiyar da ke motsa tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki, ta gefen zuciya take bi, in ta bugu lokacin aiki sai gefe ɗaya ya daina motsi. Babba zai jure, jariri kuwa kusan da tantanin nan kaɗai yake numfashi. Da sikanin ake ganewa, wani ya farfaɗo da kansa, wani a yi ɗan ƙaramin aiki a ɗaure shi ƙasa. Akwai kuma jijiyar murya, wadda aikin PDA ko na babbar jijiyar jini ke ratsawa kusa da ita, in ta taɓu za ku ji kukan yaro ya dishe, yana sha yana ƙwarewa, nono na shiga huhu, limoniya ta yi ta dawowa. Duk yaron da kukansa ya ƙi dawowa daidai bayan 'yan kwanaki da cire tiyo, a gaya wa likita.

Ni da nake uwa ko uba me zan iya yi, ban da addu'a?

Wanke hannu, kuma da gaske nake. Ruwan sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe, in da sabulu ne 40 zuwa 60, a cire zobe da awarwaro da agogo, a yanke farce. Waya ita ce ake mantawa, ka wanke hannu tas sannan ka ɗauko wayar da ta je masallaci ta je bayi ta je wurin mai shayi ka ɗauki hotonsa, ka dawo ka shafa kumatunsa. Tofin addu'a a yi daga nesa kaɗan, kar a tofa a fuskarsa ko kan ɗinki, kar kuma a ɗiga masa zamzam ko rubutu a baki yana da tiyo, kai-tsaye huhu zai iya wucewa. Mai mura ya haƙura ya tsaya waje ko da mahaifin ne.

Za ku ga an ɗan ɗaga kan gadon, kar ku sauke kan gadon. Kuma in kun ga ma'aikaci zai taɓa yaro bai shafa sanitaiza ba, babu laifi cikin ladabi a ce "Sista, dan Allah ga sanitaiza nan." Kunya ba ta da wuri a nan.

Nono fa, tunda ba ya iya kamawa?

Ki yi ta tatsa, kamar duk awa uku har da dare, in ba haka ba kafin ya farfaɗo nonon ya ɗauke. Ana ba shi ta robar hanci, kuma a asibitoci da yawa ana shafa masa ɗan kaɗan a cikin baki ko yana kan inji, don akwai sinadaran kariya a ciki. Wanda aka tatsa yana kwana huɗu a firij, a waje kuwa kar ya wuce awa huɗu, da zafinmu ma gara ƙasa da haka. Wani wurin da ake dakatarwa shi ne idan wani farin ruwa mai kitse ya fara fita ta robar ƙirji, sai a koma madara ta musamman ko nonon da aka cire wa maiƙo na wasu makonni, likita zai faɗa.

An sallame mu. Wace alama zan gani in koma asibiti a guje?

Ki koyi ƙirga numfashi tun kafin ku bar asibiti, ki sa nas ta tsaya a kanki. Yaro na barci ko yana kwance shiru, ki ɗage rigar, ki saita minti ɗaya cur a waya, duk tashin ciki da saukarsa ɗaya kenan. Ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Wata biyu zuwa 11, 50. Shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ki san lambarsa ta ranar sallama, don wasu yaran zuciya dama nasu na da ɗan sauri.

Sauran su ne ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki in ya ja numfashi, hanci na buɗewa, nishi, leɓe ko harshe ya ƙara duhu, ya ƙi nono ko ya sha bai kai rabin yadda ya saba ba, barcin da ba a iya tashinsa, zafi 38 ko sanyi ƙasa da 35.5, wurin ɗinki ya yi ja ko yana ruwa. Ko ɗaya aka gani a tafi, ko ƙarfe biyun dare ne, kar a tsaya kemis, kar a ba shi ragowar sirof ɗin yayansa, don shan antibayotik kafin a ɗebi jini na ɓata gwajin da muka yi magana a sama. In kuna da abin auna oksijin na yatsa ku tambayi lambar da ta dace da naku yaron, wanda aka yi wa gyara cikakke yakan kasance sama da 90 sosai, amma mai ɗakin zuciya ɗaya da ake wa aiki mataki-mataki 75 zuwa 85 ne daidai ɗinsa.

'Yan dubiya sun cika gida, ya zan yi ban ɓata wa kowa ba?

Ki jingina wa likita, "likita ya hana ɗaukarsa sai bayan sati shida", ba ƙarya kika yi ba, don ƙashin ƙirji na buƙatar kamar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, kuma ba a ɗaga shi ta hammata a lokacin, hannu ɗaya a ƙeya ɗaya a ɗuwawu. Maigida ya kamata ya tare wannan maganar wurin danginsa, kar a bar maijego da surukai. Turaren wuta, hayaƙin murhu, maganin sauro na kunnawa, sigari, janareto kusa da taga, duk a nisanta su da ɗakinsa, da hunturu kuma a rufe taga a riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara.

Ɗura kuwa, a toshe wa yaro hanci a ɗura masa koko ko jiƙo, wannan hanya ce miƙaƙƙiya ta tura abu huhu. Haka kai shi wurin wanzami a cire beli wai don tari, ko a yi masa tsaga a ƙirji, yaron da aka ɗinka wa faci a zuciya lokacin aiki in ƙwayar cuta ta shiga jininsa kan facin take zuwa ta zauna.

Rigakafi fa, a ci gaba ko a dakata?

A ci gaba, su suka fi kowa buƙata. Penta da PCV da ake yi a sati 6, 10 da 14 suna kare yaro daga manyan ƙwayoyin limoniyar gida guda biyu, duk da ba sa hana irin na ICU. Ku tambayi likitan zuciya ranar da za a koma. Ta ƙyanda ce ake ɗagewa wasu watanni idan an ƙara wa yaro jini, don jinin na iya hana ta kamawa, yaron da ake zargin DiGeorge kuma sai an duba garkuwarsa kafin a ba shi rigakafi mai rai. Akwai kuma allurar kariya daga bairos ɗin RSV, palivizumab ko sabuwar nan nirsevimab, in asibitin da aka yi aikin suna da ita ku tambaya ko naku ya cancanta.

Huhun zai koma daidai kuwa? Mu a waje aka yi mana aikin, me za mu riƙo?

Yawanci yana komawa, huhun yaro yana ci gaba da yin sababbin jakunkunan iska har shekaru bayan haihuwa. Tari da 'yar ƙarar ƙirji na iya ɗaukar makonni, hoton ƙirji ma yakan makara bai washe ba alhali yaro ya warke. Wanda ya daɗe ƙwarai a inji shi ake bi a hankali, wani ya kan yi shaƙar numfashi duk sanda mura ta kama shi a shekarun farko.

In Indiya ko Masar ko wani gari mai nisa kuka je, kar ku hau jirgi sai likitan ya ce huhun zai iya, don iskar cikin jirgi oksijin ɗinta bai kai na ƙasa ba. Kuma kar ku baro asibitin sai da takardar bayanin aikin, da eko na ƙarshe, da hoton ƙirji na ranar sallama, da jerin magunguna da awonsu, sannan takardar lab mai sunan ƙwayar da ta kama shi da magungunan da ta ji da waɗanda ta ƙi. Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa, alhali yaro na iya ɗauke da ƙwayar a jikinsa wata da watanni ba ta yi masa komai, ranar da zazzaɓi ya tashi a Kano ko Damagaram likitan da zai karɓe ku da ita zai zaɓi allurar farko. Ku ɗauki hotonsu duka a waya, ku tura wa mutum biyu a gida.